Yadda Ake Cajin Batirin Injin Aikin Hannu da Adana Shi Ba Tare da Haɗari Ba

A 'yan shekarun nan injinan aikin hannu masu batir sun cika wuraren sana'a. Kafinta yana hawa rufin gida da injin huda a hannunsa ba tare da ya ja doguwar waya a bayansa ba, mai haɗa sola yana ɗaure allunansa a ƙauyen da babu ko turken wuta, haka masu aikin alminiyam da masu saka silin. Sai dai duk wanda ya taɓa zuwa sayen sabon batir ya san cewa a nan kuɗin yake, domin batir mai kyau guda ɗaya yakan kai farashin injin kansa, wani lokaci ma ya zarce. Kuma yawancin baturan da suke mutuwa da wuri a hannun masu sana'armu zafi ne da wuta marar tabbas suke kashe su tun kafin tsufa ya zo, abubuwa biyun da muke da su a wadace.

Kafin a shiga maganar caji, yana da kyau mai injin ya san abin da yake cikin wannan baƙin akwatin roba. Kusan duk injinan zamani suna amfani da batirin litiyam, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda kuma ya shigo injinan aikin hannu a wajen 2005. Idan aka buɗe batirin da aka rubuta wa 18V za a tarar da ƙananan batura masu siffar gwangwani guda 5 an jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana ba da kimanin volt 3.6, yana kuma kaiwa volt 4.2 idan ya cika. Irin waɗannan ƙwayoyi ana kiran su 18650, saboda faɗinsu milimita 18 ne tsawonsu kuma 65, akwai kuma manyansu da ake kira 21700. Batir mai 4Ah ko 5Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir yake riƙewa) galibi ƙwayoyi 10 ne a layi biyu, shi ya sa ya fi nauyi ya kuma fi jimawa a bakin aiki. Wanda aka rubuta wa 20V MAX, kamar na DeWalt da ake sayarwa a Amurka, shi ma ƙwayoyi 5 ne a jere, kuma kamfanin yana sayar da irinsa a Turai da sunan 18V, saboda haka kada mai saye ya biya ƙarin kuɗi yana zaton ya sami ƙarfi na musamman. Tare da ƙwayoyin akwai ɗan allon lantarki da abin auna zafi, waɗanda suke magana da caja da injin, su ce a tsaya idan zafi ya yi yawa ko caji ya cika. Rabin tsaron batir yana kan wannan ɗan allo, sauran rabin kuma yana hannun mai shi.

Abu na farko da ya kamata a ajiye gefe shi ne tsohuwar ɗabi'ar barin batir ya mutu murus kafin a sa shi a caji. Wannan shawara ta baturan da ne, masu alamar NiCd, waɗanda ake cewa suna raguwa idan ana yawan cajinsu kafin su ƙare. Litiyam bai san wannan ba, hasali ma akasinsa ya fi so. Ana iya sa shi a caji yana da rabi, a cire shi kafin ya cika idan aiki ya taso, babu abin da zai same shi. Abin da yake cutar da shi shi ne a matse shi har ƙarshe, a sake danna makunni ana lallaɓa shi don ya ƙarasa ƙusa ɗaya ko biyu bayan injin ya riga ya tsaya da kansa. Da zarar an ji injin ya fara sanyi, ko fitilar batirin ta rage saura ɗaya, lokacin canji ya yi.

Game da caja, ƙa'idar ita ce kowane batir da cajar gidansu. Cajar kamfanin tana karanta zafin batirin ta ƙananan ƙarafan da suke tsakiyar bakinsa, tana rage wuta idan ya kusa cika, tana kuma yankewa a daidai volt 4.2 na kowace ƙwaya. Caja marar suna, ko wadda aka haɗa da cajar kwamfuta da wayoyi biyu, wuta kawai take turawa ba tare da ta san halin da batirin yake ciki ba, kuma ƙwayar litiyam da aka wuce da ita iyakarta tana iya kumbura ko ta kama da wuta. Haka nan 'yan mahaɗan roba da ake sayarwa don a sa batirin wani kamfani a injin wani suna buƙatar taka-tsantsan, domin wasu kamfanoni a cikin injin suke sa na'urar da take hana batir mutuwa murus, wasu kuma a cikin batirin, idan aka haɗa gida biyu sai a iya wayi gari babu mai tsaro ko a wane ɓangare. Ba a caji ta irin wannan mahaɗi ko kaɗan.

Akwai kuskure guda da ya ƙona caja masu yawa a hannun masu sayen kayan gwanjo, kuma duba na daƙiƙa biyar yana hana shi. Wutar Amurka da Kanada volt 120 ce, tamu kuwa a Najeriya da Nijar da Ghana tsakanin 220 da 230 take. Injin da aka kawo daga can ba ruwansa da wannan, tunda daga batir yake ci, amma cajarsa tana da ruwa da tsaki. A juya bayanta a karanta abin da aka rubuta a gefen kalmar Input, wato shigar wuta: idan 120V kawai aka gani, sa ta a soket ɗinmu kai tsaye yana nufin ƙara guda da hayaƙi, shi ke nan. Canza bakin fulogi bai canza komai ba. Sai dai a nemi taransifoma mai rage ƙarfin wuta wanda wat ɗinsa ya zarce wanda aka rubuta a jikin cajar da tazara mai kyau, ko kuma, abin da ya fi sauƙi a tsawon lokaci, a sayi cajar kamfanin mai 220 zuwa 240V, domin batirin iri ɗaya ne a ko'ina.

Wutar da ake ba cajar ma abin lura ce. Idan da ƙaramin janareta ake aiki, a bari ya tashi ya daidaita kafin a sa caja, a kuma cire ta kafin a kashe shi, kada a bar mai ya ƙare tana jiki, domin a lokacin da janareta yake tangal-tangal ne wutarsa take hawa da sauka. Kada kuma a haɗa caja a janareta ɗaya da injin walda yana aiki. Idan aka ɗauke wutar NEPA ana cikin caji, ya fi kyau a zare fulogi, saboda dawowarta ce takan zo da ƙarfin da yake kashe kaya. Wanda yake unguwar da wuta take yawan wasa kuwa, stabilaiza ba almubazzaranci ba ce a wurinsa. Masu sola su sani cewa inbata mai arha, wadda wutarta ba ta fita sumul kamar ta gwamnati, tana sa wasu caja ƙugi da zafi, wasu ma ta lalata su. Idan caja tana wani irin kuka a kan inbata wanda ba ta yi a wutar gari, a daina sa ta a can.

Maganar zafi ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin littattafan da suke zuwa da injinan an rubuta su ne da tunanin ƙasashen da digiri 30 ya zama labari. Kamfanin Makita ya ce a yi caji tsakanin digiri 10 da 40, DeWalt ma digiri 40 ta sa a matsayin iyaka, tana ƙarawa da cewa batir ya fi jin daɗi tsakanin 18 da 24. To, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, a watan Afrilu da Mayu, iskar inuwa kanta tana wuce digiri 40 da tsakar rana, ballantana cikin shagon kwantena ko rumfar kwano. Ma'ana, a lokacin bazara mai sana'ar da ya sa batir a caji da ƙarfe biyu na rana a irin wannan shago ya riga ya wuce iyaka tun kafin cajin ya ƙara nasa zafin. Abin da zafi yake yi a cikin ƙwayar shi ne hanzarta lalacewar ruwan sinadarin da yake cikinta, yana cinye litiyam ɗin da ya kamata ya riƙe caji, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Mai shi ba zai ga komai a ranar ba, sai bayan watanni ya lura cewa batirin da yake kai shi azahar yanzu hantsi yake tsayawa.

Dabarar a nan ba ta buƙatar kuɗi. A mayar da babban caji zuwa bayan asuba ko bayan magariba, lokacin da gari ya yi sanyi. Batirin da aka cire daga injin yana da ɗumi a ajiye shi a inuwa, a kan siminti, a ba shi kamar minti 20 zuwa 30 har ya huce a hannu kafin ya hau caja. Haka wanda ya sauko daga caja da ɗumi a ɗan ba shi lokaci kafin a ɗora masa aiki mai nauyi. Yawancin caja na asali suna ƙin farawa idan batir ya yi zafi, sai fitilarsu ta riƙa ƙiftawa, kuma wannan ba lalacewa ba ce, jira take yi. Na sha ganin masu sana'a suna cire batirin suna mayarwa, suna bubbuga cajar, alhali ita ce mai gaskiya. Wasu caja masu sauri, kamar ta Makita da take cika batir mai 5Ah cikin kimanin minti 45, suna da fanka a ciki da take hura iska ta cikin batirin, saboda haka kada a toshe ramukanta da tsumma ko a jingina ta da bango. Fankar ɗaki da aka juya ta wajen caja tana taimakawa sosai. Amma kada a sa batir mai zafi a firij ko a yayyafa masa ruwa don gaggawa, domin raɓar da za ta taru a cikinsa tana cin allon lantarkin. Wanda aikinsa ba ya jira, maganinsa batir biyu ko uku da ake karɓa-karɓa, ɗaya yana aiki, ɗaya yana hucewa, ɗaya yana caji. Sanyi ba shi ne damuwarmu ba, sai dai a san cewa ba a cajin litiyam idan sanyi ya kai na ƙanƙara, abin da zai iya shafar masu aiki a cikin Sahara a daren hunturu.

Wurin caji shi ma a zaɓe shi da hankali. Siminti ko tayil ko teburin ƙarfe ya dace. Katifa, kujerar soso, tarin garin katako da kusa da galan ɗin fetur ko tina ba su dace ba, kuma a shagon kafinta duk waɗannan suna nan kusa da soket ɗin. Kada a sa caja a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita daga ɗaki. A ganina babban ganganci shi ne sa batir a caji a kulle shago a tafi gida, ko a sa shi a ɗakin kwana a yi barci, da niyyar idan an kawo wuta da tsakar dare ya cika. Na san dalilin da ya sa ake yi, domin wani lokaci sai dare ake ganin wutar, amma gobarar kasuwa da take tashi bayan kowa ya watse ita ce take cin layi guda. Idan ya cika a cire shi. Cajar kirki tana yankewa da kanta, amma barin batir a cike a kan caja kwana da kwanaki a cikin zafi yana tsufar da shi, yana kuma barin cajar a hannun duk abin da wutar gari ta zo da shi.

A bakin aiki, abin da yake dafa batir shi ne tilasta injin. Bakin huda da ya dakushe, zarto marar kaifi, danna injin da ƙarfin kafaɗa a cikin kankare, duk suna sa shi jan wuta fiye da kima. Ƙaramin batir mai 2Ah ya dace da ɗaure sukuru da hudar katako, amma injin yankan ƙarfe ko zarto yana son mai 4Ah zuwa sama, domin layi biyu na ƙwayoyi suna raba nauyin tsakaninsu. Kada a bar batir a rana a kan kwanon rufi ana hutun cin abinci, kada kuma a bar shi cikin mota a kulle, inda zafi yake iya wuce digiri 60. A lokacin hunturu ƙura tana cika ramukan iska da bakin ƙarafan, sai a share su da busasshen burushi, ba da ƙusa ko waya ba. Garin ƙarfen da yake tashi a shagon walda ya fi ƙura haɗari, domin yana iya haɗa ƙarafa biyun da wuta take fita ta cikinsu a bakin batirin. Wannan haɗuwar ce kuma take faruwa idan aka jefa batir tsirara cikin jaka tare da ƙusoshi da makullai da sulalla: ƙusa ɗaya da ta kwanta a kan baki biyun tana iya yin ja cikin daƙiƙoƙi. A mayar masa da murfin robarsa, ko a ware masa aljihu shi kaɗai. Idan ruwan sama ya doke shi sama-sama a goge a bar shi ya bushe sosai kafin caji, amma wanda ya nutse cikin ruwa a ɗauka ya tashi daga aiki.

Idan za a ajiye batir na makonni ko watanni, a bar shi da kamar rabin caji, wato fitila biyu cikin huɗu, a cire shi daga jikin injin da caja, a sa shi a wuri mafi sanyi da bushewa a gidan, ƙasa-ƙasa, nesa da rufin kwano da hannun yara. Yana zubar da caji kaɗan-kaɗan ko ba a taɓa shi ba, don haka a duba shi duk bayan wata uku a ɗan ƙara masa. Mafi munin ajiya ita ce a jefa shi a akwati babu caji a manta da shi, domin idan ƙwaya ta faɗi ƙasa da kimanin volt 2 ta daɗe a haka, jan ƙarfen da yake cikinta yana narkewa ya sake taruwa a inda bai kamata ba. Shi ya sa cajar asali take ƙin karɓar irin wannan batir, shi ya sa kuma dabarar tayar da shi da wayoyi biyu daga wani batir mai rai, wadda ta cika intanet, take da haɗari: batirin zai farfaɗo, ya yi aiki, amma yana ɗauke da lahani a ciki wanda ba a san ranar da zai bayyana ba.

Jabun batir yana da yawa a kasuwa, kuma an ƙware wajen kwaikwayon launi da tambari. Nauyi yakan tona asiri, domin batirin 18V mai 5Ah na gaske yana kai wajen giram 600, wanda kuwa aka rubuta masa 9Ah alhali girmansa da nauyinsa na mai 3Ah ne, rubutu kawai aka sayar. Kamfanonin kirki suna sa ƙwayoyin Samsung, LG, Murata ko Panasonic waɗanda aka ƙera don ba da wuta mai yawa a lokaci ɗaya. Wannan ne ya sa sake cika batir da ƙwayoyin tsohuwar kwamfuta ba ya yin kyau ko da girmansu ɗaya: ƙwayar kwamfuta an yi ta ne ta ba da wuta kaɗan na tsawon lokaci, injin huda kuwa yana iya neman amfiya 20 ko fiye a bugu ɗaya, sai ta yi zafi fiye da ƙarfinta. Idan dole sai an sake cikawa, a nemi mai gyaran da zai sa sababbin ƙwayoyi iri ɗaya na injin aiki gaba ɗayansu, ya liƙa su da waldar ɗigo ba da dalma ba, ya kuma mayar da abin auna zafin a mazauninsa.

Alamomin da suke nuna a daina amfani da batir nan take su ne kumburi, tsagewar roba bayan faɗuwa daga sama, narkewa a bakin ƙarafan, wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na tina, yoyon ruwa, ko zafin da hannu ba ya iya riƙewa alhali ba aiki yake ba. A fitar da shi waje, a sa shi cikin bokitin ƙarfe mai yashi, nesa da duk abin da yake ci da wuta. Idan ruwan cikinsa ya taɓa fata a wanke da sabulu, idan ido ne a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15 sannan a tafi asibiti. Idan ya fara huci ko hayaƙi, a fara kashe wuta daga soket ko babban makunni, a fitar da mutane, kada a ɗauke shi da hannu, kada kuma a shaƙi hayaƙin domin yana da guba. Ƙwaya ɗaya ce take kunna ta kusa da ita, don haka bayan an tabbatar wutar lantarki a yanke take, ruwa mai yawa daga nesa shi ne yake sanyaya sauran. Kofi ɗaya ba ya yin komai. Yashi yana tare wutar kada ta bazu, amma ba ya kashe zafin da yake ciki, kuma batirin da wutarsa ta mutu yana iya sake kamawa bayan awanni, saboda haka a bar shi a waje har washegari. Idan wutar ta kama wani abu a shagon, a kira 'yan kwana-kwana ba tare da jinkiri ba.

Mai tafiya aiki ta jirgin sama ya sani cewa batirin da ba ya jikin inji a jakar hannu ake ɗaukarsa, ba a cikin kayan da ake aunawa ba, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh. Ana samun wannan lamba ta ninka volt da Ah, wato 18V mai 5Ah ya ba da 90Wh bai kai iyakar ba, mai 6Ah kuwa 108Wh ne, sai da amincewar kamfanin jirgin.

Mataccen batir ba a jefa shi a bola, domin bolarmu ƙona ta ake yi, kuma ƙwayar litiyam a cikin wuta fashewa take yi ta yi tsalle, galibi inda yara suke tsince-tsince. Ba a kuma miƙa wa yaron gwangwan da zai fasa shi da guduma don neman ƙarfe. A naɗe bakin ƙarafan da salatif ɗin masu wuta, a ajiye shi cikin bokitin yashi a inuwa, sannan a tambayi dilan da aka sayi injin a wurinsa ko masu harkar baturan sola ko suna karɓar tsofaffi, domin su ne suka fi sanin masu tattara irin waɗannan kaya don sake sarrafawa.